Daƙiƙa Shida da Ke Cin Mako Guda

Su shida ne a wasan, kuma babu biyun da suka taɓa haɗa ido. Ɗaya ta rubuta da daddare cewa jarumarta ta kara kunne a jikin ƙofar wani tsohon kurkuku tana sauraro. Sai da gari ya waye a inda jagoran wasan yake sannan ya ga saƙon, ya amsa mata cewa ta jiyo ƙarar sarƙa da numfashin wani abu da ba mutum ba. Kafin na uku ya taso daga aiki ya ce shi kam ya zare takobi, rana ta sake faɗuwa. An shiga kwana na biyu ke nan, ƙofa ko motsi ba ta yi ba. Da a tebur ɗaya suke zaune, duk wannan ba zai ci minti guda ba.

Wanda ya gane abin da ya faru a bakin wannan ƙofa ya gane rabin sirrin wasan labari na tebur idan aka maida shi rubutu a intanet. Amma bari a fara daga tushe, tunda ba kowa ya taɓa cin karo da wasan ba.

Mutane kaɗan ne ke haɗuwa, galibi uku zuwa shida. Ɗaya shi ne jagora. Shi ke bayyana duniyar da ake ciki, shi ke magana da bakin duk wanda aka tarar a hanya, tun daga mai gadin ƙofa har mai mulkin ƙasar. Sauran kuwa kowa na da jarumi guda da ya ƙirƙira da kansa, da takarda mai ɗauke da ƙarfinsa da wayonsa da abin da ke jakarsa, yawanci a lambobi. Kai ke faɗin abin da jaruminka ke son yi. In abin na da haɗari, sai a jefa dayis, irin ƙwayar nan mai lambobi ta wasan lido, sai dai a nan akwai mai fuska 4, da 6, da 8, da 10, da 12, da 20. Abin da ya fito, haɗe da lambar da ke takardarka, shi ke yanke hukunci. Babu wanda ya san yadda labarin zai ƙare, har shi jagoran.

Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, shi ya buɗe wannan fage, kuma har gobe shi ya fi kowanne suna. An gina shi ne bisa zaton cewa 'yan wasa na ɗaki ɗaya, suna jin muryar juna, suna kallon dayis yana gangarawa. To amma tara manya biyar masu aiki da iyali a wuri ɗaya, na sa'a uku ko huɗu duk mako, ba ƙaramin jan aiki ba ne. Balle a ce babu mai sha'awar abin kusa da kai. Ta wannan kafa rubutu ya shigo.

Ba intanet ce ta zo da wasa daga nesa ba. Ƙungiyoyin wasan ces, wato darar Turawa, na Landan da Edinbara sun fara karawa ta gidan waya a 1824, ba su gama ba sai 1828. Wasan Diplomacy na Allan Calhamer, wanda ya shiga kasuwa a 1959, John Boardman ya maida shi wasan wasiƙa a 1963 ta wata 'yar mujalla da yake bugawa. A 1970 Rick Loomis ya kafa Flying Buffalo, kamfanin da ya riƙa karɓar umarnin 'yan wasa ta wasiƙa yana maido musu da sakamako. A 1978 Roy Trubshaw ya fara rubuta MUD a Jami'ar Essex da ke Ingila, Richard Bartle ya ɗora a kai, aka samu duniyar rubutu zalla da mutane da yawa ke shiga lokaci guda, sai dai a can kwamfuta ce alƙaliya. Da IRC, tsarin hira ta rubutu a intanet, ya fito daga Finland a 1988, sannan imel da zaurukan tattaunawa suka yaɗu, jagora ɗan Adam ya samu wurin shimfiɗa teburinsa ba tare da tebur ba. Yau akwai shafuka da aka gina musamman don haka, irin su RPoL da Myth-Weavers, akwai sashen wasa a shafin Paizo, kamfanin da ya fitar da wasan Pathfinder a 2009, ga kuma dandalin hira na Discord, wanda tun fitowarsa a 2015 ya janye jama'a da yawa.

Wasan rubutu iri biyu ne, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Akwai wanda kowa ke kan layi lokaci guda ana ta bugawa, kamar hira. Wannan ɗan'uwan tebur ne na jini, saurinsa kawai ya ragu don yatsa ba ta kai baki sauri ba. Akwai kuma wanda kowa ke rubutawa sa'ad da ya samu sarari, yau ko gobe. Wannan na biyun shi ne mai wuyar sha'ani, kuma a kansa maganar ta fi yawa.

Mu yi ɗan lissafi. A dokokin Dungeons & Dragons na bugu na biyar, wanda ya fito a 2014, zagaye ɗaya na faɗa daƙiƙa 6 ne a cikin labari. Kowa na da nasa lokacin motsi, bi da bi, gwargwadon jerin da dayis ya tsara tun farkon faɗan. A ce 'yan wasa biyar ne, jagora na shida yana motsa abokan gaba. A ce kuma kowa sau ɗaya yake leƙawa a rana, kuma ba ya rubutu sai na gabansa ya gama. In aka yi rashin sa'a, zagaye ɗaya ya ci kwana 6. Faɗa mai zagaye huɗu, wanda ba wani dogo ba ne, daƙiƙa 24 ne ga jarumai, kwana 24 ga masu rubuta su. Kusan wata guda ana sarar 'yan fashi uku a bakin gada.

Wannan ma lissafin mai kyautata zato ne, don ya ɗauka kowane motsi saƙo ɗaya ne. A zahiri ba haka ba ne. "Nisa nawa ke tsakanina da mai bakan?" Jagora ya amsa. "To na kai masa sara, na samu 14, ya same shi?" Jagora ya amsa. "Ga adadin raunin." Jagora ya ce sai abokin gaba ya yi jifan kare kai. A tebur wannan zance ne na numfashi biyu, ba wanda ke lura ma an yi shi. A nan ne bambancin gaba ɗaya yake: a tebur tambaya kyauta ce, a rubutu kowace tambaya kuɗinta kwana guda. Dokokin da aka saba da su an rubuta su ne don duniyar da tambaya ba ta da tsada, shi ya sa suke cike da ƙananan kai-da-kawowa. Duk wata dabara da masu wasan rubutu suka ƙirƙiro cikin shekaru, in ka tone ta, ƙoƙari ne na rage yawan lokutan da mutum zai tsaya jiran wani.

Dabara ta farko ita ce rushe jerin bi da bi. Maimakon kowa ya jira na gabansa, sai a ce 'yan wasa duka ɓangare ɗaya ne, kowa ya rubuta motsinsa cikin sa'a 24 ko 48 a duk tsarin da ya zo, sannan jagora ya tattara ya warware, ya motsa abokan gaba a saƙo guda. Zagayen kwana shida ya koma na kwana ɗaya ko biyu. Ana asarar wani abu, ba shakka. Wanda ya gina jaruminsa a kan zafin nama don ya riƙa riga kowa motsi zai ga an tauye shi. Amma wasan da ke tafiya da 'yar tawaya ya fi cikakken wasan da ya tsaya cak.

Ta biyu ita ce rubutu da sharaɗi. Gogaggen ɗan wasa ba ya tambaya ya zauna jira, yana hango amsoshin ne ya tanadi kowacce: "Zan ruga in kai wa na hagu sara. In ya riga ya faɗi kafin in isa, zan juya kan mai baka. In wani ya nemi tserewa ta gabana, zan tare shi. Ga jifan harina, ga na rauni in ya same shi." Saƙo ɗaya ya yi aikin huɗu. Shi ma jagora yana da nasa rabon. Zai iya bayyana lambar kariyar abokin gaba tun farko, don ɗan wasa ya san da kansa ko saransa ya shiga, ya rubuta sakamakon nan take. Zai iya jefa wasu dayis a madadin 'yan wasa, kamar na lura da tarko ko na tsara jeri, maimakon ya ce kowa ya jefa sannan ya kwana biyu yana jiran mutum na biyar.

A nan ne jagororin da suka taso a tebur ke turjewa, kuma ina ganin hujjarsu. Ɓoye lambar dodo na cikin abin da ke sa gaba ya faɗi. In ɗan wasa ya san komai, ina fargabar? Sai dai fargaba ba ta jure kwana uku. Abin da ke sa zuciya bugawa a daƙiƙa biyar na jira, in aka ja shi zuwa ranar Alhamis, mantuwa yake zama. Jagoran rubutu dole ya saki wani ɓangare na ikonsa ya miƙa wa 'yan wasa, ya yarda ba za su ci amanarsa ba. Wanda ba zai iya sakin ba, gara ya nemi wasan murya.

Akwai dokokin da ko an yi duk wannan sai sun ba da wahala, wato masu ba mutum damar katse motsin wani. A Dungeons & Dragons mai sihiri na iya ɗaga garkuwa bayan an kai masa hari, ko ya ɓata sihirin wani tun yana tsakar yinsa, mayaƙi kuma na iya sarar wanda ya juya masa baya. Kowanne cikin waɗannan yana nufin jagora ya dakata ya tambaya, "Za ka yi amfani da damarka?" Mafita ita ce kowa ya rubuta dokarsa ta dindindin a takardar jaruminsa, misali cewa duk harin da garkuwa za ta iya tarewa a ɗaga ta ba sai an tambaye shi ba.

Wannan ya sa zaɓen irin wasan da za a yi ya fi zaɓen dandali muhimmanci, duk da cewa mutane sun fi ɓata lokaci a gardamar dandali. Apocalypse World na Vincent Baker, wanda ya fito a 2010, da tarin wasannin da suka biyo sawunsa, sun zo da wani tsari daban. Dayis biyu masu fuska shida ake jefawa a ƙara 'yar lamba. In jimilla ta kai 10 ko fiye, an yi nasara. Daga 7 zuwa 9, an samu abin da ake so amma da hasara ko sharaɗi. In 6 ne ko ƙasa, jagora ya juya al'amari yadda ya ga dama. Ba tare da ƙarin komai ba, cikin hanyoyi 36 da dayis biyu ke iya faɗuwa, 6 ne kawai ke ba da cikakkiyar nasara, 15 na ba da ta tsakiya, 15 faɗuwa. Jagora ba ya jifa ko kaɗan, kuma jifa ɗaya na iya yanke abin da zai ci zagaye uku a wani wasan. Ga mai rubutu wannan garaɓasa ce. Amma kada a ɗauka an tsira. Waɗannan wasannin sun dogara ga yawan tambaya tsakanin jagora da ɗan wasa, irin su "Me kake ji game da ita?" da "Wanne za ka zaɓa cikin ukun nan?", kuma kowace tambaya kuɗinta na nan yadda yake. An dai rage jiran lamba, an ƙara jiran ra'ayi, wanda aƙalla ya fi daɗin karantawa.

Wasannin bincike, kamar Call of Cthulhu da Chaosium ya fitar a 1981, kamar don rubutu aka yi su. Jarumai na tono tsofaffin wasiƙu da guntayen jaridu, kuma a dandali takardar na nan a gabanka, ka koma ka sake karanta ta sau goma, ka gano abin da ya wuce ka. A tebur kuwa rabin alamomin da jagora ya sha wahalar shiryawa suna bin iska tun kafin mako ya zagayo.

Sai batun dayis, wanda a nesa yake zama batun amana. Ba wanda zai yarda mutum ya ce ya jefa a ɗakinsa ya samu 20 sau uku a jere. Don haka kusan kowane dandali na da na'urar jifa da ke rubuta sakamako a bainar kowa. A Discord manhajoji irin su Avrae ke wannan aiki: ka rubuta umarni, ta jefa, ta haɗa da lambar takardarka, ta ajiye a inda ba za ka iya gogewa ka sake ba tare da an gani ba. Abin dariya shi ne wannan bai kashe zargi ba, ya dai sauya masa wuri. Yanzu manhajar ake tuhuma da ƙiyayya. Alhali lissafi ya nuna cewa a dayis mai fuska 20 kowace lamba na da kashi 5 cikin 100, kuma cikin jifa 20 yiwuwar a ga lamba 1 aƙalla sau ɗaya ta kai kusan kashi 64 cikin 100. A tebur mugun jifa yana wucewa da dariya. A rubutu yana nan zaune a shafi kwana biyu yana kallonka. Jagora ma ya rasa wani tsohon makami: a bayan allon da ke kare takardunsa a tebur, yana iya sassauta lamba don kada jarumi ya mutu a banza. In manhaja ce ke jifa a fili, wannan jinƙai na ɓoye ya ƙare, sai dai ya riƙa yin nasa jifan a asirce, kuma ya kamata kowa ya san haka tun ranar farko.

Duk abin da aka faɗa zuwa yanzu kamar lissafin hasara ne. To me ya sa mutane ke shekaru suna yi? Saboda rubutu na ba da abin da tebur ba ya iya bayarwa. A tebur mai kakkaifan baki shi ke cinye fage. Mai kunya, mai in'ina, wanda ba ya ji sosai, wanda harshen da ake wasan da shi ba nasa ba ne, duk sukan koma 'yan kallo. A rubutu kowa na da sa'o'i ya nemo kalmar da ta dace, kuma sau da yawa wanda ba a jin muryarsa a zaman murya shi ke fitowa gwanin kowa. Ana iya shiga cikin zuciyar jarumi a rubuta abin da yake ɓoyewa, abin da in ka tsaya faɗinsa a tebur za a ce ka cika surutu. Ba a bukatar kyamara, ba a bukatar intanet mai ƙarfi, ba a bukatar ɗakin da babu hayaniya. Minti goma a cikin mota ya isa.

Akwai ma dokar tebur da rubutu ya kifar gaba ɗaya. Duk wanda ya daɗe a wasan ya san gargaɗin cewa kada tawaga ta rabu, domin jagora baki ɗaya gare shi, yana tare da biyu, uku na zaune suna hamma. A rubutu rabuwa alheri ce. A buɗe wa waɗanda suka tafi kasuwa ɗakinsu, waɗanda suka shiga kogo nasu, kowane ya tafi da saurinsa. Mutum biyu sun fi biyar saurin amsa wa juna nesa ba kusa ba. Haka ma sirri: saƙon ɓoye ga ɗan wasa ɗaya ba ya tada hankalin kowa, ba kamar a tebur ba inda miƙa 'yar takarda kawai ya isa kowa ya san akwai wata a ƙasa.

Rubutun kansa yana da nasa cututtuka. Akwai mai zuba sakin layi bakwai a kan yadda iska ke kaɗa mayafin jaruminsa, ka karanta har ƙarshe ba ka samu abu ɗaya da za ka mayar wa martani ba. Saƙo mai kyau a wannan fage, ko layi uku ne, shi ne wanda ya bar wa na gaba abin kamawa: tambaya da aka jefa wa wani jarumi, hannu da aka miƙa, ƙofa da aka tura. Akwai kuma babban laifi, wato rubuta wa jarumin wani abin da ya yi ko ya ji. Kana da ikon cewa ka kai masa mari. Ba ka da ikon cewa marin ya same shi har ya fashe da kuka. Sannan rubutu ba shi da fuska. Baƙar maganar da jarumi ya yaɓa wa jarumi na iya sauka a zuciyar mutumin da ke bayansa, tunda babu murmushin da zai nuna wasa ne. Shi ya sa duk wasan kirki ke da ɗaki biyu, na labari da na hirar 'yan wasa, kuma na biyun ba ado ba ne. In ɗakin hira ya yi tsit, na labari ba ya daɗewa.

Wannan ya kawo mu ga yadda waɗannan wasanni ke mutuwa, don da yawansu ba sa kai ƙarshen labarinsu. Ba faɗa ke kashe su ba, shiru ne. Wani ya yi layar zana ba sallama. Sauran suna jiransa saboda kara. Kwana uku suka zama mako. Wanda ke leƙawa sau biyar a rana ya koma sau ɗaya, ya ga babu sabo, ya daina. Shi kuma wanda ya ɓace, kullum kunyar dawowa na ƙara masa nauyi, har ya gwammace kada ya buɗe manhajar ma. A tebur kujera babu kowa abu ne da ido ke gani, a yanke shawara nan take. A rubutu ba ka san ko mutum tunani yake, ko ba shi da lafiya, ko ya gaji da ku ba ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Maganin wannan tun kafin a fara ake haɗa shi: sau nawa ake sa ran kowa ya rubuta a mako, kwana nawa za a jira kafin jagora ya motsa jarumin wanda bai zo ba, kuma a faɗa da babbar murya cewa layi ɗaya na "ina da uzuri wannan makon" ya wadatar, babu mai neman bayani. Ya kamata a kuma faɗi gaskiya game da nauyin jagora. Kowane ɗan wasa saƙo ɗaya yake bin sa, shi kuwa biyar yake amsawa, ga taswira, ga lissafi, ga bibiyar wanda ya yi shiru, kuma ba ranar hutu tunda wasan ba ya rufewa. Jagoran tebur yana gajiya ranar wasa. Na rubutu a hankali yake tsiyayewa. Saboda haka mai hankali ba ya ɗauko littafin kasadar da ke cin shekara a tebur, don a rubutu zai iya cin shekaru. Ƙaramin labari mai fage huɗu ko biyar, wanda za a ga ƙarshensa cikin wata biyu ko uku, shi ne daidai. In an ji daɗi a ɗora wani.

A wannan zaman sharar fage ne kuma ake maganar iyaka. Sau da yawa da baƙi ake wasan, ba ka san shekarunsu ko abin da suka taɓa gani a rayuwa ba. A tebur akwai dabarar katin X da John Stavropoulos ya yaɗa, wanda duk wanda abu ya dama zai taɓa a sauya zance nan take. A wasan jira katin yakan makara, domin kafin ka ɗaga shi ka riga ka karanta abin, wataƙila mutum uku sun ɗora a kai. Dole a jera tun farko abin da ba za a taɓa ba sam da wanda za a ambata a wuce, kuma a yarda cewa ana iya gyara saƙo bayan an tura shi.

Dandali fa? Bambancin da ke da nauyi ɗaya ne, tsakanin mai siffar hira da mai siffar zaure. Discord yana ƙwanƙwasa maka waya, yana sa a amsa da wuri, amma saƙo na yau da kullum ba ya wuce haruffa 2,000, kuma mutum biyu masu zafi na iya binne na uku da saƙo hamsin kafin ya farka. Zaure na tafiya a hankali, amma yana riƙe dogon rubutu cikin tsari, kuma ya fi sauƙin komawa baya. Roll20 na 2012 da Foundry na 2020 teburori ne na allo masu kyawun taswira, sai dai an fi gina su don zaman kai tsaye. Da yawa kan ɗauki hoton taswira kawai su liƙa, ko su watsar da ma'aunin taku su ce "kusa", "nesa", "bayan ginshiƙi". Abin da ba a cika tunawa ba shi ne gidan ba naka ba ne. Kamfanin wasanni na Wizards of the Coast ya rufe zaurukansa a 2015, Google+ ya rufe a Afrilun 2019, Yahoo Groups ya bi baya a 2020, kuma kowanne ya tafi da rubuce-rubucen mutanen da ba su kwashe nasu ba. Wasan shekara biyu littafi ne guda da mutum shida suka rubuta. A riƙa kwafe shi ana ajiyewa.

Wani zai ce ai yanzu an huta, tunda tun fitowar AI Dungeon a 2019 ana iya sa ƙirƙirarriyar basira ta zama jagora, ta amsa cikin daƙiƙa, dare ko rana. Gaskiya ne ta kashe jira. Tana kuma da amfani wajen taƙaita abin da ya gabata ga wanda ya yi kwana biyu ba ya nan. Amma ni a ganina wani wasa ne daban. Abin da ke sa mutum ya duba waya da asuba shi ne sanin cewa wani, a wani gari, ya kwana yana juya abin da ka rubuta, kuma zai dawo da abin da ba ka zata ba saboda shi ma yana da abin da yake so a labarin. Na'ura ba ta da jarumin da take tsoron ya mutu.

Idan kuma wasa ya kama hanyar mutuwa duk da an yi abin da ya dace, akwai abu ɗaya da ya rage a hannun jagora. Maimakon ya bar saƙon ƙarshe yana rataye da tambayar da ba za a taɓa amsawa ba, sai ya fito ɗakin hira ya ce ya ga ƙarfi ya ƙare, kuma ba laifin kowa ba ne. Ya tsallake duk fagen da ya tanada, ya kai tawagar gaban abin da suka fito nema, a yi jifa ɗaya ko biyu a yanke. Sannan ya ba kowa mako guda ya rubuta sakin layi ɗaya a kan inda jaruminsa yake bayan shekara goma. Ba mamaki har wanda ya yi wata guda ba a ji ɗuriyarsa ba ya leƙo ya rubuta nasa.